HATIMIN BUSHIRA

Shafi na 23

Na Maman Usama

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu kirana tun da asuba kuna tambayar ina shafinmu, ku yi haƙuri. Wanki ne ya taru, wuta kuma sai jiya da yamma ta leƙo na samu caji. Ga shi nan. Duk wadda ta buɗe ta fara da salati ga Annabi.

*

Bushira na tsugune a bakin turke tana dama wa awaki dusa, ta ji tsayuwar mashin ɗin mijinta Abarshi a ƙofar gida.

Ta dakata da damun.

Biyu saura kwata, yanzu aka idar da Azahar. Yau Lahadin ƙarshe ta gasar ƙwallon Firimiya. A rana irin ta yau, ko gobara aka ce masa ana yi a gida, sai ya tambaya ko za ta iya jira a rufe canjin 'yan wasa. To me ya taso shi daga majalisar shagon Naziru mai shayi?

"Salamu alaikum. Maman Nafisat, sa hijabi, da baƙo."

Ta wanke hannu, ta zura hijabi, ta taɓa wayarta da ke soke a ƙugun zani. Biyu da rabi ake rufewa, ita kuwa ba ta danna komai ba tukuna.

Mutum goma sha shida ne a gasar fantasin majalisar. Kowa ya haɗa 'yan ƙwallonsa a waya, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Ba a zuba ko sisi, liman ya ce caca ce. Kyauta ɗaya ce tak: tunkiyar da Alhaji Bakoji ya kawo daga garkensa na wajen Damari, tana nan ɗaure a bayan shagon Naziru tana jiran na ɗaya.

Mai Akuya FC ce ta biyu. Maki biyar tsakaninta da na ɗaya.

Duk Birnin Gwari ba wanda ya san mai ita, sai Helen nas, maƙwabciyarsu.

Abarshi kuwa, shi ne admin, shi ne na sha huɗu, kuma tun watan Agusta yake faɗa a cikin gidan nan:

"Duk ranar da na gano ɓarawon da ya saci lambar shiga ya kutso mana gasa, ranar zan cire shi. Yatsa ɗaya zan danna."

Baƙon ya shigo da sallama. Malam Abdulfattah ne, limamin unguwa, wanda ya koya mata karatu tun tana 'yar ƙwailarta.

Kuma shi ne na ɗaya a gasar.

Ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ta kawo ruwa, ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da rana. Ya ibada? Ya mutan gidan?"

"Lafiya lau, Bushira. Ya yara, ya kiwo?"

"Alhamdu lillahi."

Abarshi ko zama bai yi ba. Fuskar nan a murtuke, hannu baƙiƙirin da baƙin mai na gareji. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware.

Bayan tsohuwar kalanda.

Takardarta!

A ƙarƙashin jeren kwanukan samira take ɓoye ta.

"Makullin gareji nake nema da safe," in ji Abarshi, "Allah Ya kai hannuna. Malam, ni boko na yi, ajami ba ya zama min sosai. Amma hatimi, in na gan shi na san shi. Dubi nan. Gida-gida, lamba-lamba. Ga sunana a ƙasa, wannan kam na iya haɗa shi. Baban Nafisat, sha huɗu!"

"Baban Nafisat, don Allah ka..."

"Yi min shiru! Shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Wata tara ina ƙasan tebur, duk wanda na saya sai ya karye, wanda na sayar ya ci uku. Ina ta zagin Turawa, ashe a cikin gidana aka ɗaure ni!"

Malam ya miƙa hannu.

"Kawo. Ka zauna, Abarshi, tsayuwa ba ta ƙara wa magana gaskiya."

Ya saka tabarau, ya yi bisimilla, ya fara bi da yatsa.

"Dogon Wuya."

"Ka ji ko!" Abarshi ya zabura. "Aljani!"

"Mai Tabo. Jan Kunne. Sarkin Kwaɗayi."

"Inna lillahi!"

"Bajimi. Kurma. Ɗan Baƙi... shi wannan an zagaye shi har sau biyu."

"Shugabansu ke nan! Malam, ka tofa min wani abu, jikina rawa yake!"

Jama'a, da a wani gidan ake wannan, da Bushira ta yi dariya har ta faɗi. Amma a kanta ake yi.

In ta yi shiru, ta zama mai bin bokaye a idon mijinta da malaminta. Ita da ko laya ba ta taɓa rataya wa yaro ba.

In ta buɗe baki, yatsa ɗaya. Wata tara na wahala, da tunkiya, duk sun tafi.

Malam ya daina karantawa. Ƙirge yake yi a hankali.

"Ɗaya a sama. Uku. Huɗu. Uku. Ga huɗu an ware su a gefe."

Ya sake ƙirgawa.

Sai ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, gemun nan na ɗan motsi kamar mai danne tari.

"Bushira, wannan hannunki ne, ni na koya miki shi. Tsakaninki da Allah, mene ne wannan?"

Tunda aka sako sunan Allah, magana ta ƙare.

"Wallahi Malam ban taɓa taka ƙofar boka ba, kuma ba zan taka ba har in koma ga Ubangijina."

"Na ji. Mene ne?"

"Tim ce."

"Me?" in ji Abarshi.

"Tim ɗina ce. Gola ɗaya, 'yan baya uku, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba uku. Na gefen 'yan benci ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Ni ce Mai Akuya."

Tsit.

Can bakin turke jar akuya ta ɗaga kai daga kwanon dusa ta ce meee.

Abarshi ya kalli akuyar, ya kalli matarsa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, mata! Malam ka ga wayo? Ta ji ina ambaton Mai Akuya kullum, shi ne za ta fake da shi. Ke da ba ki san ofsaid ba!"

"Har yanzu ban san shi ba."

"To! Mako na sha tara, maki nawa Mai Akuya ya samu?"

"Casa'in da huɗu. Kai talatin da ɗaya. Ranar ka ƙi cin tuwo, ka ce miya ta yi gishiri."

Dariyar ta tsaya.

"Mako na ashirin da shida?"

"Saba'in da takwas. Kai ka manta kyaftin a kan wanda aka ba jan kati. Ka harbi bokitina, ga shi can har yau yana yoyo."

Abarshi ya nemi gefen tabarma ya zauna a hankali.

"Lambar shiga fa? Wa ya ba ki?"

"Kai."

"Ni?"

"Ranar da kake karanta wa Japheth na majalisarku ita a waya. Sau uku ka maimaita, da ƙarfi, don sabis na yankewa. Ina nan ina tankaɗe. Na kai wa Helen, ta saka min abin a waya ta nuna min inda ake dannawa."

"Sunayen aljanun fa?"

"Sunayen Turawan ne ba sa faɗuwa a bakina. Sai in kalli hoton mutum in ba shi sunan akuyar da ya yi kama da ita."

Malam ya kasa riƙewa. Ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na girgiza.

"Astagfirullah... Dogon Wuya! Golan nan ne ko? Wallahi ya yi kama!"

"Shi ne, Allah gafarta."

Malam ya gyara zama, ya goge ido.

"To 'yata, ni abin da ya ɗaure min kai, kin taɓa zuwa gidan kallo?"

"Allah Ya kiyaye, Malam."

"To ya aka yi kika riƙe mu a wuya wata tara? Ni da ƙyar na wuce ki makon jiya."

Bushira ta saci kallon mijinta. Ya zuba wa ƙasa ido. Amma an taɓo mata inda take so, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Ai kiwo ne, Malam. Ba wani abu ba ne."

"Kiwo?"

"Kiwo mana. Ni in na je kasuwar kara ba na sayen dabbar da dillalai suka yi wa taro, ta riga ta yi tsada. Ramammiya nake nema mai lafiyar haƙori, wadda ke cin abinci. Shi ma ɗan ƙwallo haka. Ina duba wanda ake sakawa kullum ya yi wasa har a tashi, ko ba a san sunansa ba. In saya da arha. Ranar da ya yi ƙiba kowa ya rugo, ni lokacin nake neman wani."

"Ikon Allah."

"Sannan makiyaya. Akuya ko ta kai wace, in ka kai ta inda ba ciyawa haka za ta dawo. Helen ta nuna min, wasannin gaba suna da kala. Kore, ciyawa ce. Ja, ƙaya ce. Ina duba sati huɗu a gaba kafin in saya."

"Alamar rawayar nan ta ciwo fa?"

"Ba na ajiye mai ɗingishi. Ko ɗan wane ne."

Abarshi ya yi gyaran murya.

"Kuma ba na taɓa waya ranar Litinin," ta ci gaba. "Ranar zuciya na tafasa. Wani ya ɓata maka rai jiya, yau ka sayar da shi, a cire maka maki huɗu, jibi ya ci biyu. Sai Juma'a bayan an sauko, na huce, in zauna da takardata."

Malam ya juya.

"Abarshi, kai yaushe kake canji?"

"Malam, ba a kaina ake magana ba."

"Tun kafin alƙalin wasa ya busa tashi yake yi," in ji Bushira. "Kuma shi dole sai ya sa mutum uku daga kulob ɗinsa, ko ana zuba musu huɗu-huɗu. Ni ba ni da kulob. Ba uwata a can, ba ubana."

"Masha Allah." Malam ya sake duba takardar, muryarsa ta yi laushi. "To shi wannan Ɗan Baƙin da aka zagaye sau biyu, don zuciyar mijinki ta natsu, wane ne?"

Ta zaro waya da sauri ta buɗe hoton, ta miƙa da hannu biyu.

"Ga shi. Mutum ne, Malam, ɗan Adam. Zagaye biyu kyaftin ke nan, maki ninki biyu."

"Wannan yaron? Yau?"

"Yau a gida suke, da waɗanda suka riga suka faɗa ƙasa. Su waɗancan tun watan jiya suka tattara kayansu, jikinsu ne kawai zai zo fili. Kowa a majalisa Bajimi zai ba kyaftin. In na bi sahu, yadda nake ta biyu haka zan ƙare ta biyu. Shi ya sa zan sayo shi yau in ba shi."

"Hmm," in ji Malam. "Hmm. Lallai."

Ya cire tabarau. Ya juya kan Abarshi da fuskar mumbari.

"Babu shirka a takardar nan, babu tsibbu. Ka yi wa matarka mummunan zato, ka nemi gafararta, ka nemi ta Allah. Kuma ka koma makarantar dare ka gyara ajaminka."

"To, Malam."

Malam ya linke takardar gida huɗu, ya zura a aljihun gaba.

"Wannan bari in riƙe, kar wani ya tsinta shi ma ya ɗauka hatimi ne. Ni zan wuce, akwai abin da na bari."

"Ba ka sha ruwan ba, Allah gafarta."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Mutumin da kullum ke tafiya kamar yana tausayin ƙasa, yau kafin ta miƙe har ya kai zaure, babbar riga na tashi a bayansa.

Gida ya rage daga ita sai Abarshi.

Ya ciro wayarsa. Ya buɗe gasar. Daga inda take tana hango sunayen a jere, da babban yatsansa a kan na biyu.

"Baban Nafisat."

"Wata tara." Bai ɗago ba. "Wata tara ina shigowa gidan nan ina zagin Mai Akuya, kina zuba min miya kina cewa Allah Ya tona asirinsa."

"Ban taɓa cewa haka ba. Cewa nake Allah Ya shirye shi."

"Kina kallo Naziru na kirana Limamin Ƙasan Tebur! Kina kallo Japheth ya ce a saya min fitila saboda duhun da ke can ƙasa! Ko sau ɗaya ba ki ce min ga hanya ba."

Nan ta ɗago.

"Sau uku."

"Sau uku me?"

"Da azumi na ce maka wannan ɗan bayan naka kamar ɗingishi yake, ka ce in je in duba kunu. Ranar sunan gidan Zulaiha na ce ka bari sai Juma'a ka yi canji, ka ce me mace ta sani a ƙwallo. Na ukun, ka tuna, ka ce in na ƙara sa baki a harkar maza za ka canja wa wayarka lambar sirri."

Ya kawar da kai gefe.

"Sunanka da ka gani a ƙasan takarda, tim ɗinka nake rubutawa duk sati, ina gyara ta ni kaɗai. Da ka bi tawa, da kai ne na huɗu."

"Na huɗu?"

"Ko na biyar. Golanka ba ya gyaruwa."

Ya ɗan murmusa, ya yi maza ya haɗe rai.

"Ni na faɗa a gaban mutane zan cire shi. Yanzu in je in ce musu me? Matata ce? A garin nan? Wallahi har garin Randagi sai an kai labarin a bayan mashin."

"To cire ni." Ta naɗe hannu cikin hijabi. "Gasarka ce, gidanka ne. Ban nemi izininka ba, wannan laifina ne, ka yafe min. Amma ban yi ƙarya ba, ban yi caca ba, tuwonka bai taɓa makara ba. Danna."

Yatsan na nan a sama. Iska ta kaɗa darbejiya, hadari na haɗuwa ta wajen dajin Kamuku.

Ta kalli agogon wayarta don kar ta kalli yatsan.

Biyu da minti goma.

Sai wani abu ya faɗo mata a rai, ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu!"

"Mene ne?"

"Malam!"

"Me ya samu Malam?"

"Shi ne na ɗaya! Na faɗa masa kyaftin ɗina da bakina! Na nuna masa hoto! Takardata na aljihunsa!"

Abarshi ya buɗe baki.

"In ya sayi Ɗan Baƙi ya ba shi kyaftin, duk abin da na samu ya samu. Maki biyar ɗin nan har abada!"

"Kai! Shi ya sa bai sha ruwa ba!" Abarshi ya miƙe tsaye. "Don zuciyar mijinki ta natsu! Ji tsohon nan! Da ni aka yi amfani!"

"Kai ka kawo shi har tabarmata."

"To ai... to ai tunkiya ce kawai. Ramammiya ma."

Bushira ta dube shi kamar ya zagi iyayenta.

"Ramammiya? Ku goma sha biyar kuna shan shayi a gabanta kullum, ba wanda ya duba hantsarta? Ciki gare ta! Sau biyu ina bi ta bayan shagon in na dawo cefane. Yadda cikin nan ya baje gefe da gefe, in Allah Ya yarda biyu ne."

"Biyu?"

"Kafin babbar Sallah ta baɗi ka ga ragon layya a turken nan, ba ka je kasuwa ba."

Abarshi ya kalli turke. Ya kalli waya. Ya kalli zauren da Malam ya bi.

Ya cusa wayar a aljihu.

"Matar Abarshi ta ci kofi," ya faɗa a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Gidan Abarshi ya ci kofi. Ai gida ɗaya ne. Naziru ya zo ya faɗa min tasa matar ta nawa ce."

"Ba ka cire ni?"

"Ke, bar wannan! Canja kyaftin! Kina da wani?"

"Mai kiwo ba ta rasa ta biyu a turke. Jan Kunne na nan."

Ta danna waya. Abin ya yi ta juyawa. Ta ɗaga sama. Ta hau turmi ta ɗaga.

Ba sabis. Ko layi ɗaya.

Kun san halin garin nan, hadari na haɗuwa sabis ke tattara nasa ya tafi.

"Tawa ma babu," in ji Abarshi. "Tudun bayan firamare! Can ne kawai yake kamawa. Sa takalmi!"

"Awakina ba su gama..."

"Su ci ƙasa! Hau!"

Shekara goma sha ɗaya, Abarshi bai taɓa goya ta a mashin ba sai za ta awo ko gidan rasuwa. Yau ga su sun keto ta gaban shagon Naziru, hijabi na kaɗawa, majalisa cike.

"Limamin Ƙasan Tebur! Ina zuwa da Hajiya?"

"Asibiti ne? Allah Ya sawwaƙe!"

Abarshi bai rage gudu ba, ya waiwaya ya daka musu tsawa:

"Ku ba tunkiyar nan ruwa! Amanar gidana ce!"

Biyu da ashirin da huɗu suka hau tudun.

Wa za su gani?

Malam Abdulfattah, tsaye a kan dutse, ya tattare babbar riga a kafaɗa. Takarda a hagu, waya a dama ya ɗaga ta sama. Yana ganinsu ya sauke hannu, ya soka wayar a aljihu, fuskar nan fal annuri.

"A'a, Abarshi! Shan iska kuka fito?"

"Irin wadda ka fito sha, Malam."

"Alhamdu lillahi, ni na gama shan tawa." Ya miƙo wa Bushira takardar. "Ungo, 'yata. Allah Ya ƙara basira. Yaron nan kam na duba, kin yi gaskiya."

Ya fara gangarawa a hankali, tafiyarsa ta kullum ta dawo.

Bushira ta haye dutsen. Layi ɗaya. Biyu. Wayar ta yi ƙara, saƙon murya ya shigo daga Helen, tun ƙarfe biyu aka turo shi. Ta kara a kunne, Abarshi ya manno nasa.

"Maman Nafisat! Ina ta kiranki ba ya shiga! Kar ki kuskura ki sa Ɗan Baƙi! Labari ya fita, benci zai zauna, ƙafa ce ke damunsa. Sun ce sai can ƙarshe za a sako shi ya ɗaga wa mutane hannu. Kin ji ni? Kar ki sa!"

Suka kalli juna.

In ya shigo minti biyar kawai, maki ɗaya zai samu. A ninka, biyu. Abin da kyaftin ɗin Malam zai kawo ke nan.

Ta danna Jan Kunne, ta ba shi kyaftin, ta tabbatar. Kore ya fito. Ya shiga.

Biyu da ashirin da bakwai.

Abarshi ya rungume tankin mashin yana dariya ba sauti.

"Allah Ya kama shi! Wallahi Allah Ya kama shi! Tunkiya ta zo gida!"

Bushira ba ta yi dariya ba. Bayan Malam take kallo. Farin gemu, tsohon takalmi, yana taka gangara a hankali. Mutumin da ya ɗora mata alif a allo. Mutumin da ya wanke ta ɗazu a gaban mijinta. Ya ɗauki maganarta ne don ya yarda da ita, da bakinta ta ce masa yaron zai yi wasa.

Kuma shi ne ya yi mata wayo a kan tabarmarta.

In ya ƙara taku goma, ya fita daga inda sabis yake.

"Maman Nafisat." Abarshi ya daina dariya. "Na san wannan kallon. Kar ki soma."

"Ni na faɗa masa."

"Shi ya tambaya! Da dabara!"

"Yanzu na san ba haka ba ne, shi bai sani ba."

"Ba ƙarya kika yi ba! Ki yi shiru minti uku kacal! Ki tuna hantsa! Biyu kika ce, biyu!"

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan gilashin wayar.

Biyu da ashirin da takwas.

Bushira ta ja numfashi.

"Allah gafarta Malam!"

Abarshi ya ɗora hannu biyu a ka.

Malam ya tsaya. Ya juyo.

"Na'am, 'yata?"